Ficewa daga CEDEAO: wa ya fara saɓa alkawari, kuma wa zai biya?

Ranar 28 ga Janairu 2024 gidajen talabijin na gwamnati a Wagadugu da Bamako da Yamai suka karanta sanarwa iri ɗaya: Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya suka fi sani da ECOWAS, kuma ficewar ta fara aiki nan take. Wannan "nan take" ita ce ta raba kan mutane. Ƙasashen uku suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, suna kuma cikin waɗanda suka sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyarta a Kwatano a 1993. Sashe na 91 na wannan yarjejeniya ya ce duk ƙasar da ke son fita sai ta ba da sanarwa a rubuce shekara guda kafin lokaci, kuma a cikin shekarar nan za ta ci gaba da cika duk abin da ta ɗauka. A farkon Fabrairu gwamnatocin Mali da Burkina suka fito suka ce wa'adin bai hau kansu ba, domin a cewarsu ƙungiyar ce ta riga su taka dokokinta.

A wasu unguwannin Wagadugu wannan magana ce ta lauyoyi da 'yan siyasa. A gidajen mutanen zango magana ce ta tuwon dare. Da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Kumasi ko Lome, ko 'yar da ke aure a Maraɗi, ko bashin da ake bi a Kano. Kakannin mutanen nan fatake ne da suka riƙa ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi zuwa Gwanja sayen goro, kuma ba su taɓa tafiya da ƙarfin kansu ba. Madugu ne ke zama da sarkin gari a yanka kuɗin fito, sarki ya ba da amincin hanya, ayari ya wuce. In sarki ya ci amana, badi ayari ya sake hanya, kasuwarsa ta mutu. Rushe tsohuwar unguwar Zangwetin da aka yi a 2003 ya watsa gidaje, amma bai yanke wannan zumunci da ke haye iyakoki ba. Saboda haka duk lokacin da gwamnatoci suka fara jayayya a kan alkawari, ɗan zango ne ke fara jin zafin a jikinsa.

Masu goyon bayan ficewa nan take suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Sukan fara da Mali. Ranar 9 ga Janairu 2022 shugabannin CEDEAO suka taru a Akara suka rufe iyakokinsu da Mali, aka kuma riƙe kuɗaɗen gwamnatinta a babban bankin sefa. A watan Maris na shekarar kotun UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, ta ba da umarnin a dakatar da takunkumin, shugabannin suka yi biris, ba a ɗage shi ba sai a Yuli. Sai su tambaye ka: wanda ya ƙi bin hukuncin kotun gidansa, da wane baki zai karanta wa wani sashe na 91?

Daga nan su gangaro Nijar, inda muryarsu ke ƙara tashi. Sojoji sun hamɓarar da shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayan haka, a Abuja, aka rufe iyakoki ta ƙasa da ta sama, aka tsayar da ciniki, aka ba sojojin mako guda su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, gadar da ke haɗa ta da Gaya a rufe, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, magani da shinkafa suna tashar jirgin ruwan Kwatano ba hanyar shigowa. Wanda ya sha wahalar nan ba janar ba ne. Mai jinya ne a asibitin da wuta ta ɗauke, da matar da mudun shinkafa ya fi ƙarfinta. Masu wannan ra'ayi suna cewa yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta 2001, wadda da ita ake hukunta masu juyin mulki, ta lissafa hukunce-hukuncenta: hana ƙasa goyon baya in ta tsayar da ɗan takara a ƙungiyoyin duniya, ƙin yin taro a cikinta, da dakatar da ita daga zaman yanke shawara. Rufe iyaka ba ya cikin jerin. Suna kuma kawo dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda ta ba ƙasashen da ba su da gaɓar teku haƙƙin kai kayansu ruwa ta ƙasar maƙwabta. Kan dokar yarjejeniyoyi ta Viyana ta 1969 ma suna da abin faɗa, domin sashe na 60 ya yarda cewa babban saɓa alkawari daga ɓangare guda yana iya zama dalilin dakatar da shi.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce son kai. Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini ya nemi wa'adi na uku a 2020, Alassane Ouattara ya yi wa'adi na uku a Kodebuwa a shekarar, ba wanda ya rufe musu iyaka. Najeriya da kanta ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, fiye da shekara guda, ta karya 'yan kasuwar Maraɗi da Kwanni da Kwatano, ba wanda ya ƙaƙaba mata takunkumi. Malamai daga cikinsu sukan ƙara da tarihin Hudaibiyya: Manzon Allah (SAW) ya riƙe sulhun da duk ɗacinsa, amma da Ƙuraishawa suka taimaki Banu Bakar a kan Khuza'a, sulhun ya warware, aka buɗe Makka. Wanda ya fara warwarewa, in ji su, shi ne da laifi.

Ni kam ban ga yadda mai adalci zai kare yanke wa talakan Nijar wuta da hanyar magani ba. An yi kuskure babba, kuma ɗage takunkumin da aka yi ranar 24 ga Fabrairu 2024, bayan ƙasashen sun riga sun sanar da fita, ya zo a makare.

Amma ɗaya ɓangaren ma yana da abin cewa, kuma a ganina nasa ya fi nisan hange. Na ji shi a bakin wani dattijo mai safarar albasa daga Galmi zuwa Gana, a majalisar shayi bayan la'asar, yana jayayya da ɗan ƙanwarsa mai karatun shari'a. Saurayin ya gama jero laifuffukan CEDEAO, sai dattijon ya zaro wata tsohuwar leda daga aljihun rigarsa ya zazzage ta a kan tabarma: fasfo mai sunan ƙungiyar a bangonsa, katin riga-kafi mai ruwan ɗorawa, da katin inshorar mota mai ruwan ƙasa, gefunansu duk sun lanƙwashe saboda yawan miƙawa ta tagar mota.

Saurayin ya ce, "Kawu, waɗannan takardun sun taɓa hana a karɓi kuɗinka a shinge? Daga nan zuwa Paga sau nawa kake sa hannu aljihu?"

Dattijon ya ce, "Ina bayarwa, ɗana. Amma jaka guda nake bayarwa, ina kuma ciniki a kanta, don mai kakin ya san ina da hurumin wucewa. Ranar da babu takardar nan, abin da ya yanka shi zan biya, in ya ga dama kuma ya ce in juya."

Hurumin da yake nufi ya samo asali ne daga yarjejeniyar walwalar jama'a da aka sa wa hannu a Dakar a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza ya zauna har kwana 90. Dattawan zango suna tuna yadda duniya take kafin ta. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarbawa da Mosi da aka haifa a zangunan Kumasi da Akara suka karyar da kadarorinsu suka hau motoci. Ko bayan yarjejeniyar, a 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙi sama da miliyan guda daga Najeriya. Wani zai ce wannan ya nuna takarda ba ta hana komai. Abin da ya nuna shi ne gwamnati in ta shiga matsi, baƙo take fara waiwaya, kuma abin da ke tsakanin baƙo da korar dare ɗaya shi ne alkawarin da ke rubuce da kunyar saɓa shi. Burkina tana da miliyoyin 'ya'yanta a Kodebuwa, a gonakin koko da kasuwannin Abijan. Ƙasar da ke da jama'a haka a gidan wasu ita ce ta fi kowa buƙatar a riƙa girmama sa hannu.

Ta fuskar shari'a ma hujjar "nan take" tana da rauni. Sashe na 26 na dokar Viyana shi ne ginshiƙi: yarjejeniyar da ke aiki ta hau kan waɗanda suka ƙulla ta, kuma dole su cika ta da zuciya ɗaya. Sashe na 60 da ake kafa hujja da shi bai ba ƙasa guda damar ta yanke wa kanta hukunci ta yage yarjejeniyar ƙasashe da yawa a yini ɗaya ba. Ya ba wadda abin ya shafa kai tsaye damar dakatar da aiki da ita tsakaninta da mai laifin, kuma dokar ta tanadi sanarwa da jiran wata uku kafin a zartar. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a Wagadugu ba: an dakatar da Burkina daga zaman ƙungiyar bayan juyin mulkin Janairu 2022, amma ba a taɓa rufe mata iyaka ko ƙaƙaba mata takunkumin ciniki irin na Mali da Nijar ba. Kayanta sun ci gaba da shigowa daga Lome da Tema da Abijan. Ta fita ne don kara ga abokanta, kuma kara halin kirki ne, sai dai ba ta zama hujjar shari'a. Haka kuma ƙasashen uku da hannunsu suka amince da yarjejeniyar 2001 da ta haramta karɓar mulki da bindiga. Gwamnatin soja ta Wagadugu ta yi wa ƙungiyar alkawarin miƙa mulki a Yuli 2024, sai ga shi a watan Mayu na shekarar an ƙara wa'adin da shekara 5. Masu sukar ficewar suna tambaya ko wa'adin zaɓen da ya matso yana cikin abin da ya sa aka yi gaggawa, suna kuma tambaya me ya hana a nemi ra'ayin jama'a kafin a fitar da su daga gidan da suka kusa shekara 50 a ciki. Tambayoyi ne masu kyau, kuma taron gangami a dandali ba ya amsa su.

Shi ma misalin Hudaibiyya yana da wani gefe. Tawadar sulhun ba ta bushe ba Abu Jandal ya iso cikin mari yana neman mafaka, aka mayar da shi saboda an riga an ƙulla magana, sahabbai suna kallo zukatansu na ƙuna. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. A Suratul Anfal an koyar da cewa ko ha'inci ake tsoro daga abokin sulhu, sai a sanar da shi a fili kafin a ɗauki mataki, a farkon Suratut Tauba kuma wata huɗu aka ba mutane su san inda suka dosa. Hikimar wa'adi ita ce kada warware alkawarin manya ya rutsa da wanda ke tsakiyar hanya da kayansa. Muritaniya ta bar CEDEAO ta wannan ƙofa: ta ba da sanarwa a Disamba 1999, ta fita a Disamba 2000, ba wanda ya zarge ta da rashin 'yanci, daga baya ma ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar a 2017.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wannan ɓangare shi ne tarihin Burkina kanta, domin ƙasa ce da ta ɗanɗani duka biyun, yaƙi da shari'a. Rikicin yankin Agasher tsakaninta da Mali ya kai ga harbe-harbe a 1974. A 1983 ƙasashen biyu suka yarda su kai maganar Kotun Duniya da ke ƙasar Holan. Shari'a na gaban alƙalai, ƙidayar jama'a a ƙauyukan da ake jayayya a kansu ta tayar da yaƙi ranar 25 ga Disamba 1985, jiragen Mali suka jefa bama-bamai a Wahiguya da Jibo, aka yi asarar rayuka cikin 'yan kwanaki, ba wanda ya sami ko taƙi. Ranar 22 ga Disamba 1986 kotun ta raba yankin kusan biyu, shugabannin ƙasashen biyu, Thomas Sankara da Moussa Traoré, duk suka karɓi hukuncin. Sankara ba mutum ne da za a zarga da rusuna wa Turawa ba, amma ya yarda da iyakar da aka ciro daga takardun mulkin mallaka, bisa ƙa'idar da shugabannin Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun 'yanci. Tun daga lokacin ba a sake yaƙi a kan Agasher ba.

Da Nijar ma haka aka yi, ba tare da an zubar da jini ba. Gwamnatocin biyu suka kai wa kotun wata dokar gwamnan Faransa ta 1927 da taswirar 1960, kotu ta yanke hukunci ranar 16 ga Afrilu 2013, ta kuma yi kira a kula da makiyaya da mutanen da layin zai ratsa. A 2015 aka sanar da musayar ƙauyuka 18: Burkina ta karɓi 14, Nijar ta karɓi 4. Nijar ta haɗiye wannan, kamar yadda Benin ta haɗiye hukuncin 2005 da ya ba Nijar tsibirin Lete, kamar yadda Najeriya, da duk ƙarfinta, ta miƙa Bakasi ga Kamaru a 2008. Abin lura shi ne ƙawancen AES da ƙasashen uku suka ƙulla ranar 16 ga Satumba 2023 a kan waɗannan hukunce-hukuncen ya zauna. Da Agasher na nan a buɗe, da iyakar Tera da Dori na nan a cikin jayayya, da sojojin ƙasashen uku ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Kuma ita kanta takardar Liptako-Gurma da ta kafa ƙawancen alkawari ce: in an taɓa ɗaya an taɓa duka. Wanda ya koya wa duniya cewa sa hannunsa yana aiki ne muddin ransa na so, ya rage darajar sabon sa hannun da yake son a girmama.

Hukuncina shi ne ƙasashen uku suna da cikakken haƙƙin fita, yarjejeniyar da kanta ta buɗe ƙofar. CEDEAO ta wuce gona da iri a kan Mali da Nijar, ta hukunta talaka da laifin soja, ta kuma kau da kai daga laifin masu farin kaya. Duk da haka laifinta bai goge sashe na 91 ba, musamman ga Burkina. A aikace ma hakan aka yi: ƙungiyar ta ƙirga shekara guda, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a ranar ce fasfon AES ya fara aiki. Shekarar nan ita ta ba direba da ɗalibi da matar aure damar numfasawa.

Inda nake jin tsoro shi ne halin da ake ciki bayan nan. A Disamba 2024 AES ta sanar cewa 'yan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga da zama ba biza, ta kuma riƙe wa kanta ikon hana wanda ba ta so. CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, a bar kayansu su wuce, har zuwa wani lokaci da za a sanar. Duka biyun sanarwa ce ta ɓangare ɗaya, wanda ya yi ta yana iya janye ta gobe da safe, babu kotun da ɗan kasuwa zai je ya kai ƙara. A Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Iyakar Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar bayan Benin ta buɗe nata, kayan Yamai suka koma zagayowa daga Lome ta Kaya da Dori da rakiyar sojoji, a hanyar da direbobi ke shiga da kalmar shahada a baki. Wannan ya nuna cewa rufe iyaka don huce haushi ba halin ɓangare ɗaya ba ne.

A watan Mayu 2025 ministocin harkokin wajen AES sun zauna da shugaban hukumar CEDEAO, Omar Alieu Touray, a Bamako, aka ce za a ci gaba da tattaunawa. Kirana ga sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, daga Wagadugu zuwa Kumasi da Maraɗi da Kano, shi ne su haɗa baki su nemi abu uku daga gwamnatocin ɓangarorin biyu: a rubuta 'yancin shiga da zama da ciniki a cikin yarjejeniya mai sa hannu, a rubuta cewa ba za a sake rufe hanyar abinci da magani da wutar lantarki saboda rigimar siyasa ba, a kuma ajiye kotun da talaka zai iya kai kuka in an saɓa. Ku kai wannan buƙata a rubuce tun ana kan teburin tattaunawa, kafin a rufe takardun ba da ku ba.